Gatarin Jifa: Me Zai Iya Yi Maka a Dajinmu?

Filin Tambayi Tsohon Malamin Daji

Wasiƙu biyar suka taru mani cikin 'yan makonnin nan a kan abu ɗaya, wato ƙaramin gatarin nan na Amurka da ake wurgawa ya je ya kafe a jikin kututture, wanda matasanmu ke gani a bidiyon waya. Na haɗa su wuri guda. Ta farko za ta fi cin wuri, domin ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Yayana da ke karatu a ƙasar waje ya kawo mani tsarabar wani ɗan gatari da suke kira tomahok. Na fara koyon jifa da shi, har yana kafewa. In an yi hutu, ni da abokaina mukan tafi wajen tafkin Kware mu yi kwana ɗaya ko biyu muna kamun kifi. Shin wannan gatarin zai ishe ni aikin sansani, in bar adda da gatarin gida don kayana su yi sauƙi? Daga ɗanka a Runjin Sambo.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa yayanka albarka, ya yi maka tsaraba mai kyau. Ni ma ina da irinsa. Wani Bature da muka yi aikin dashen itatuwa tare tsakanin Gwadabawa da Illela ya bar mani shi ranar da zai koma gida, kuma ya daɗe a jakata har na san halinsa kamar yadda na san na wuƙar aljihuna.

Bari mu fara da sunan. Tomahok ba Turanci ba ne asalinsa. Kalma ce daga harshen mutanen Fowatan, waɗanda Turawan Ingila suka tarar a yankin Bajiniya sa'ad da suka kafa garin Jemstawun a 1607. Sunan nan ne sojan Amurka suka ara daga baya suka laƙaba wa makami mai linzami da kake ji a labaran rediyo. Can da, da dutse mutanen ƙasar ke yin kansa su ɗaure a jikin sanda. Da fataken Ingila da na Faransa suka fara zuwa sayen fatun namun daji, sai suka riƙa kawo ruwan gatarin na ƙarfe suna musaya da shi. Har akwai wanda ake ƙera wa lofe a ƙeya, a huda ƙotar daga sama har ƙasa, a sha taba da shi ko a ba manya kyauta wajen ƙulla amana. Abin da nake so ka riƙe daga wannan tarihi shi ne, an tsara shi ne don mutumin da ke tafiya a ƙasa, da kayansa a baya, nesa da kowane maƙeri.

Yanzu ɗauko naka ka duba. Gatarinmu na gida yana da tsini a bayan ruwansa, ana ƙona rami a kan ƙota mai gwiwa, a cusa tsinin a ciki. Shi wannan, ƙarfen ne ke da rami, ƙotar ke shiga cikinsa. Ramin ya fi faɗi ta sama, ƙotar kuma ta fi kauri a can ƙarshenta na sama. Ta wajen mariƙi ake zuro kan, ya gangara har ya je inda itacen ya yi kauri ya cije. Babu ƙusa, babu weji. Duk saran da ka yi, ƙara matse shi kake. Ranar da na fara kai nawa Maƙera Assada, wani dattijon maƙeri ya karɓa ya juya shi sau biyu, ya buga gindin ƙotar a kan uwar maƙera, kan ya zamo ya faɗo hannunsa. Ya ce, "Malam, wanga ai ɗan diga na, an yi mai baki awa gatari." Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan dacewa ba. Yadda ake sa wa diga ƙota, haka ake sa masa.

Duk alherinsa da duk kasawarsa daga wannan tsari suka fito.

Kansa bai cika wuce rabin kilo ba, ƙotarsa kamu ɗaya ce da 'yan kai, wato santimita 45 zuwa 55, faɗin bakinsa kuma yatsu uku ko huɗu. Saboda haka aikinsa na gaskiya shi ne itacen da bai fi kaurin damtsenka ba. Fere turakun kafa tamfol, sare busassun rassa a yi murhu, gyara sandunan da za ka gicciya ka yi ragar gasa kifi, yanke gwafar da za ka rataye tulu ko fitila, duk wannan yana yinsa da daɗin hannu, ba ya gajiyar da kafaɗa. Idan naka mai ƙeyar guduma ne, to ka huta da neman dutsen buga turaku, kuma ka san a yashin bakin tafki dutse ba ya samuwa da sauƙi. Idan kuwa ƙeyarsa zagayayya ce, siririn ƙarfe ne kawai ya naɗe ƙotar, kada ka yi guduma da shi. Ramin zai lotse, ƙota ba za ta sake zama daidai a ciki ba. Sassaƙa kulki na itace ka buga da shi.

Inda ya fi burge ni shi ne in an cire kan. Riƙe shi a tafin hannu, ramin yana cikin damƙarka, bakin yana ƙarƙashin yatsunka. Ka ga ya koma wata irin wuƙa mai nauyi wadda ba ta zamewa. Da shi a haka nakan kankare ɓawon karfasa, in datse kan tarwaɗa da ƙayoyinta waɗanda ke ba ƙaramar wuƙa wahala, in ɓare ɓawon kalgo in ana son igiya, in sassaƙo siraran ƙiraruwa daga cikin busasshen itace ranar da ruwa ya jiƙa komai. Wannan na ƙarshe ka koye shi tun a gida. Ko an kwana ana ruwa, cikin mataccen reshen da bai taɓa ƙasa ba a bushe yake, kuma ashana ɗaya ta isa ta kama sassaƙen da ka yi masa siriri kamar gashin masara.

To, ga inda ya gaza, kuma a nan ne amsar tambayarka take.

Dajin da aka yi wannan gatari dominsa dajin itatuwa ne dogaye, da yawansu masu laushin jiki. Namu kuwa dajin ƙaya ne. Kafin ka sami wurin shimfiɗa tabarma sai ka yi fama da magarya, da farar ƙaya, da bagaruwa, da tarin sabara da geza. Reshen ƙaya yana lanƙwasawa in an sare shi, yana gudun baki, yana dawowa ya tsarge ka. Bakin adda doguwa ne, ko'ina ya taɓa ya yanka, hannunka kuma yana nesa. Bakin tomahok yatsu uku ne, sai ka auna daidai, kuma in ka kuskure hannunka ne ke faɗawa cikin ƙayar. Na taɓa gwada share wurin kwana da shi kaɗai. Aikin da adda da sanda mai ƙugiya za su gama kafin ruwan shayi ya tafasa, sai da ya cinye mani yammaci guda, bayan hannuna duk zane. Ban ƙara ba.

Faskare ma ba nasa ba ne. Bakin siriri ne, yana nutsewa cikin itace da sauri, amma da ya kai inda ramin ƙota ya kumbura sai ya tsaya cik, ya maƙale. Ba shi da nauyin da zai tura tsagar ta buɗe. Ka gwada shi a kan gungumen ƙirya ko na marke, za ka ji yana tsalle kamar ka bugi ƙarfe. In dole sai ka tsaga ɗan itace da shi, ga yadda nake yi: in kwantar da itacen a hannuna tare da ƙotar, su biyun suna kallon gefe ɗaya, bakin gatarin yana kan ƙarshen itacen, in ɗaga su tare in buga a kan kututture, sannan in murɗa. Yatsuna ba sa zuwa kusa da kaifi ko kaɗan. In itacen ya fi haka girma, sai in fara masa tsaga da gatarin, in sassaƙa weji biyu na itace mai tauri, in bi su da kulki. Yana ɗaukar lokaci, amma yana yi.

Kuma duk saran da za ka yi da gatari mai gajerar ƙota, durƙusa ka yi shi. Mai babban gatari in ya kuskure, ƙasa yake sara. Mai ƙarami in yana tsaye ya kuskure, ƙwaurinsa yake sara. Sa wani itace a ƙarƙashin wanda kake sarewa, domin yashinmu yana cinye kaifi nan take. Har ƙurar hunturu da ke maƙale a ɓawon busasshen itace tana dakushe baki, shi ya sa ɗan magagari ba ya barin jakata.

Saura maganar jifa, wadda na san ita ta fi jan hankalinka.

Wata shekara a ƙarshen damina, lokacin da daji ke da lafiya, muna aiki a gefen madatsar ruwa ta Goronyo. Motar da ta sauke mu ta koma gari da sauran kayan aiki, har da adda, za ta dawo da safe. Muka rage mu uku da tamfol ɗaya da gatarin nan nawa. Ina alwala, wani yaro cikin ma'aikatanmu ya ɗauka yana jifan wani tsohon kututturen ƙirya. Ban hana shi ba, domin ni na koya masa. A jifa ta biyar ko ta shida, ƙotar ce ta riga bakin isa, na ji ƙas! Ta tsage tun daga wuya har tsakiya. Na ɗaga kai, ga hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa saman ruwa, ba mu fere turke ko ɗaya ba.

Na zare guntun ƙotar, na ɗauki kan a hannu, na nufi wata aduwa mai mataccen reshe. Na ɗora bakin a gindin reshen ina bugun ƙeyar da wani itace, ina zagayawa, har ya karye. Na zaɓi wanda ƙarshensa ɗaya ya fi kauri. Na zauna ina ferewa da kan gatarin, in zura in gwada, in cire in duba inda tsatsar ramin ta bar jan tabo a jikin itacen, in kankare daidai wurin, in sake zurawa. Haka har ya gangara ya cije. Kafin mu gama turakun ruwa ya sauko, muka kwana gefe ɗaya na tamfol yana kaɗawa, barguna a jiƙe. Amma ƙotar aduwar nan ta yi mani shekara biyu tana aiki.

Daren nan ya nuna mani fuska biyu ta abin. Babu wani gatari da na sani wanda zai sassaƙa wa kansa ƙota a tsakiyar daji cikin ƙasa da awa ɗaya, ba wuta, ba ƙusa. Amma da ba a jefa shi ba, da ba mu kwana a jiƙe ba. Jifa tana karya ƙota, tana kwance kai, tana ɓantare baki in ya sauka a kan tsakuwa, kuma in ya wuce ya faɗa cikin ciyawa ko cikin tafki, kana iya rasa shi ɗungurungum. Tun ran nan na kafa wa kaina doka: a gida nake jifa, a daji aiki kawai. Na kuma yi ƙota biyu, ta jifa daban, wadda duk ta ji rauni, ta tafiya daban.

Ka duba bakin naka ma. Waɗanda aka yi don jifa zalla, galibi ba a ba ƙarfensu tauri sosai, don kada ya tsage in ya bugi abu mai ƙarfi, kuma da dakusasshen baki suke zuwa. Goga masa magagari ka gani. In yana cin ƙarfen a sauƙaƙe kamar kana gogar ƙusa, to zai yi kaifi da wuri, ya kuma rasa shi da wuri, sai ka riƙa wasawa a kai a kai. Wannan ba aibi ba ne in ka sani.

Saboda haka, ɗana, bar babban gatarin gida, ba ka bukatarsa a kwana biyun kamun kifi. Amma adda kam ka tafi da ita. In aka ce in zaɓi ɗaya tal tsakaninta da tomahok a ƙasar Sakkwato, adda zan ɗauka ba tare da na yi dogon tunani ba. In an bar ni da biyu, sai in ɗauke su tare, adda ta yi share-share, shi ya yi sassaƙa da bugu.

Roƙona ɗaya gare ka da abokanka: matattun itatuwa kawai. Na ƙarar da ƙuruciyata ina ban ruwa ga dashe da garwa a wurin da rana ke narka takalmi, na san abin da itace ɗaya ke ci kafin ya yi inuwa. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin nan na kafa ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti ya ratsa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, saboda hamada tana matso mu. Gawon da ka gani a tsakiyar gona, manomi ya bar shi ne da gangan, domin da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da bisashe. Kada bakin gatarinka ya taɓa shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana ɗan shekara 13 ya ga wannan jifa a waya, yanzu kullum na juya baya sai ya ɗauki gatarin da nake faskare da shi yana jifan darbejiyar tsakar gida. Ga ƙannensa suna yawo. Na yi faɗa har na gaji. Ya zan yi? Daga wata uwa a Gawon Nama.

AMSA: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma gatarin nan ki ɗauke shi yau ki kulle. Gatarinmu na gida shi ne mafi haɗarin abin da za a jefa. Ruwansa cusa shi kawai aka yi cikin ƙota, sara ne ke riƙe da shi. In aka wurga ya bugi itace da gefe ko da gindi, ruwan yana iya fita ya yi nasa wuri, ƙota ta yi nata, babu mai iya cewa ina kowanne zai sauka. Jikin darbejiya kuma zagayayye ne, abin da ya same shi a karkace zamewa yake ya yi gefe, ko ya dawo wa mai jifa. Da idona na ga gatari ya dawo daga jikin itace ya tsaga ƙafar wani saurayi da ke tsaye a gefe yana kallo, sai da aka yi masa ɗinki.

Itaciyar ma tana cutuwa. An ce sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, kuma darbejiya ma tana da juriya, amma abincin itace ta ƙarƙashin ɓawo yake bi. In ana raunata wuri ɗaya kullum, gara da ruɓa suna samun ƙofa, wata rana iska ta kayar da ita a kan ɗaki.

Sai dai ban ga alamar faɗa zai raba shi da abin ba. Yaro mai son auna abu ya samu, hali ne mai kyau in an ba shi hanya. Ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya ɗauki nauyin abin, a mayar da shi darasi mai lokaci da doka. A nemi gungumen mangwaro ko wani itace mai laushi da iska ta kayar, a yanko shi a gicciye kamar faifai, a kafa shi fuskar yankan tana kallon mai jifa, a bayansa bango, a wurin da babu mai giftawa, mutum ko dabba. A yayyafa masa ruwa kafin a fara don ya ƙara laushi. Mai jifa ya sa rufaffen takalmi. Masu kallo su tsaya can bayansa da nisa, kada kowa ya tsaya a gefe. Ba a zuwa ɗauko gatari sai an tabbata babu wani a hannun kowa.

Jifar kanta ba ta son ƙarfi. A tsaya taku biyar daga gungumen, wajen mita 4. A riƙe ƙarshen ƙota kamar ana gaisawa da mutum, a ɗaga bisa kafaɗa, a sauko da hannu a miƙe, a sake shi sa'ad da hannun ya nuna wurin da ake so, ba tare da karya wuyan hannu ba. Gatarin da kansa zai juya sau ɗaya ya kafe. In gindin ƙota ne ke riga isa, juyin bai cika ba, a ja da baya rabin taku. In saman kan ne ke bugawa, juyin ya zarce, a matso gaba. Nisan ake gyarawa, hannu yana nan yadda yake. A ƙasashen Turawa abin ya zama wasan gasa mai alƙalai da dokoki, har an kafa masa ƙungiyar duniya a 2017, kuma ko su a cikin keji mai shingen waya suke jifa.

Ki kuma tuna masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma hana a mayar da abu mai rai abin gwada jifa. Kaza, ƙadangare, kyanwa, duk sun shiga.

TAMBAYA: Baba, na ga farashinsa a intanet ya fi ƙarfina. Maƙeranmu za su iya yin irinsa? Daga Boɗinga.

AMSA: Ƙwarai kuwa, ɗana. Hannun da ke ƙera garma da galma da lauje ba zai kasa wannan ba. Nemi guntun sifirin ɗin mota mai faɗi, ƙarfensa yana riƙe kaifi. Abin da za ka tsaya a kansa shi ne ramin. Maƙeri ya saba da gatari mai tsini, don haka ka kai masa diga ya gani, ka ce irin wannan rami kake so amma ƙarami, mai siffar ƙwai, sama ta fi ƙasa faɗi kaɗan. In ya yi shi zagayayye sosai, kan zai riƙa juyawa a jikin ƙota. Ka roƙe shi ya bar maka ɗan tudu a ƙeya don bugun turke, kuma bakin kawai zai ba tauri, ya bar wajen ramin da laushinsa don kada ya tsage.

Ƙota kuma, Amurkawa da wani itace nasu da ake kira hikori suke yi, saboda yana shanye girgizar sara. Mu a nan marke da aduwa sun wadatar. A zaɓi wanda jijiyarsa ta miƙe daga sama har ƙasa, ba gaɓa, a bar shi ya bushe a inuwa kafin a fere. In ka sa ɗanye, hunturu na zuwa zai tsotse shi kan ya yi sako-sako. Ko busasshen ma yakan saki da hunturu. Kada ka jiƙa shi a ruwa, gyaran kwana ɗaya ne. Juya gatarin kai ƙasa, ka buga saman ƙotar a kan kututture sau biyu, kan zai gangara ya sake cijewa. Ka riƙa shafa wa itacen man kaɗe, ƙarfen kuma ɗan mai da damina saboda tsatsa. Dukawanmu za su ɗinka maka kube mai kyau na fata.

TAMBAYA: Malam, ana iya farautar zomo ko zabo da shi? Daga wani mai karatu a Wamakko.

AMSA: Ban ba ka shawara ba. Gatarin juyawa yake a iska, kuma bakinsa yana fuskantar gaba ne a wani taƙaitaccen nisa kaɗai, wanda ka auna da taku. Zomo ba zai tsaya maka a taku biyar ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ka kuskure, ko ka karya masa ƙafa ya tsere ya je ya mutu a wahale.

Akwai kuma maganar halacci. Aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta lissafa dabbar da aka buge ta mutu cikin abubuwan da aka haramta ci, sai in an riske ta da rai an yanka. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim, da ya yi tambaya a kan farauta da wani irin makamin jifa mai kaifi da faɗi, an amsa masa cewa abin da ya samu da kaifinsa a ci, abin da ya samu da faɗinsa ya kashe kada a ci. Makamin da ke juyawa, wanda ƙota ko ƙeya kan riga baki isa, kullum cikin wannan shakka zai riƙa jefa ka.

TAMBAYA: Baba, in na sa shi a jaka na hau babur, ba zan sami matsala da jami'an tsaro a hanya ba? Daga ɗalibi a Dundaye.

AMSA: Kana iya samu, ɗana, kuma ba zan ga laifinsu ba. Halin da muke ciki ba ɓoyayye ba ne. Adda da gatarin gida kowa ya san na manomi ne, amma wannan siffarsa baƙuwa ce, wanda bai san shi ba makamin faɗa zai gani. Kada ka soke shi a ɗamara, kada ka rataya shi a bayan jaka don a gani, kada ka shiga kasuwa ko makaranta ko taron biki da shi. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani Musulmi ciwo.

Kafin maganar jaka ma, akwai maganar wurin zuwa. Dazuzzukan da na kwana a cikinsu ina saurayi, na wajen Goronyo da Rabah da Isa da Sabon Birni, da na Tangaza da Gudu, yanzu ba wurin kwanan kowa ba ne, kuma ɗan gatari ba zai kare ka daga mai bindiga ba. Ku tsaya kusa da gari. Ku fara isa wurin mai garin da ke kusa ku gaishe shi, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku, ku bi abin da ya ce, ko da cewa ya yi ku koma. A gida ma a san inda kuke da ranar dawowarku.

Ni in zan fita da nawa, zare kan nake yi, in sa shi a kube, in naɗe da tsumma, in jefa cikin tukunyar girki tare da cokula da ashana da ƙullin gishiri. Ƙotar in ɗaure ta tare da tabarma. In an tsayar da ni aka ce in buɗe jaka, tun kafin a tambaya nakan faɗa da bakina cewa akwai ruwan ƙaramin gatari a cikin tukunya, na saran itacen girki ne, in fito da shi a hankali in miƙa ta wajen ƙeya.